Wata takwas ina biyan masu kwashe shara jikka biyu, ga abin da na gani

Jar akuyata ce ta jefa ni cikin wannan harka, ba tsabar son tsafta ba, gara in faɗi gaskiya tun farko. Bara da shigowar sanyi ta fara ramewa. Ga dusa ga harawa a gabanta, sai ta shinshina ta kau da kai, ciki kuwa ya yi tulele kamar mai ɗauke da 'yan biyu. Da muka ga za ta tafi a banza, maigida ya kira mahauci. Abin da ya zaro daga tumbinta har yau yana idona: dunƙulen baƙar leda da ledar fiyawata da zaren buhu, sun murɗe sun yi tauri kamar tamolar yara. Mahaucin ko a jikinsa. Ya ce, "Malama, wannan ai kullum ne a mahauta." Kuma na san inda ta ciwo shi. Jujin bakin lungunmu ne, wanda ni da hannuna nake ba almajiri dala goma ya kai mini shara can.

Sati biyu bayan haka na rubuta sunan gidanmu wurin samarin da ke kwashe shara a unguwarmu ta Ali Ɗan Sofo, nan Maradi. 'Yan fada ɗaya ne, da can shayi kawai suke dafawa a gindin dalbejiya, sai suka haɗa kuɗi suka sayi moto mai ƙafa uku da amalanken jaki guda. Ba zan ambaci sunan ƙungiyar ba, domin zan faɗi aibinsu, kuma 'ya'yan maƙwabta ne, gobe ma za mu haɗu a gidan suna.

Gida irin namu, mutum tara, jikka biyu ne a wata. Gidan haya mai ɗakuna da yawa da masu sayar da abinci cinikinsu daban. Suna zuwa Talata da Asabar, tun kafin in fita makaranta. Sun ba mu rabin tano an rubuta lambar gida da jan fenti, kuma duk ƙarshen wata in ka biya sai sun yanko maka resi. Wannan resin ya burge ni, don na saba ba da kuɗi a unguwa ya bi ruwa, ba takarda ba shaida.

Rigimarmu ta farko a sati na biyu aka yi ta. Yaron da ke ɗauka ya cicciɓi tanon, ya kasa, ya dire shi, ya dube ni ya ce, "Inna, wannan ai ba shara ba ce, kayan gini ne." Na ce ɗan nan, ni za ka koya wa shara? Bai yi musu ba, sai ya kifar da tanon a ƙofar gida ya baje da ƙafa. Wallahi kunya ta kama ni. Kashi uku cikin huɗu yashi ne da toka. Tsakar gidanmu rairayi ne, kamar yawancin gidajen Maradi, duk tsintsiyar da aka ja safe da yamma sai ta tafi da ƙasa. Shekara da shekaru ashe gidana nake kwashewa ina kai wa juji, shi ya sa gindin katangar ɗakin girki ya zaizaye har tubali ya fito. Ya ce nauyin nan ne ke cinye musu taya da mai, kuma in kowane gida ya cika tano da yashi, gida goma kawai za su ɗauka moto ya cika.

Ranar na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Amma da yamma na sa babban ɗana ya ɓamɓaro tsohuwar ragar taga ya kafa mata katako, muka yi rariya. Yanzu in an yi shara sai an tankaɗe. Yashi ya koma tsakar gida. Toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da ragowar ganye su shiga buhu. Abin da ya rage a kan raga, leda da gwangwani da tsumma da fasasshen kwalba, shi ke zuwa tano, kuma da ƙyar yake kai rabi kafin Asabar. Buhun nan kuwa ya samu mai so. Wani dattijo mai lambu a fadamar Gulbi yana biyowa da amalanken shanu duk bayan sati biyu ya ɗauka. Ba na karɓar kuɗinsa, shi ma ba ya zuwa hannu biyu: wani lokaci tumatir, wani lokaci damin zogale. Ya ce mini da can manoma har rububin sharar gari suke yi don taki, amma yanzu in ka zuba ta a gona leda ka shuka, ruwa ba ya shiga ƙasa, saiwa ba ta samun hanya. Ya ce buhuna ya fi amalanke guda na juji. Ko ban baki ne, na ji daɗi.

Ba kowa ya shiga ba a lungunmu. Alhajin da gidansa ke kallon namu ya ce shi yana biyan haraji, don me zai sake biyan yara? Ban ga laifinsa duka ba. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ɗora tsaftar gari da kwashe shara a wuyan hukumar gari, kuma tun 1998 akwai babbar dokar kare muhalli. Sai dai birnin nan mai gundumomi uku, wanda ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da dubu 260 a cikinsa, ya ci gonakin geron da muka sani muna yara ya mayar da su unguwanni. Babbar mota ma ba ta iya shiga lungu irin namu. Yadda shugaban samarin ya bayyana mini, nasu aikin daga ƙofar gida ne zuwa wurin da aka keɓe, kuma suna da takardar izini, na gan ta. Alhaji dai har yau almajiri ke kai masa bakin lungu, kuma in iska ta taso ledar gidansa a ƙofata take kwana. Muna gaisawa lafiya lau.

Maganar leda kuwa, ni ma ban fita ba. Tun watan Nuwamban 2014 ƙasar nan ke da dokar da ta hana ƙera wannan leda mai laushi, da shigo da ita, da sayar da ita, da amfani da ita, har da ajiye ta. Ta haura shekara goma ke nan. Amma je ki babbar kasuwa yau ki sayi yajin dala biyar: a ƙulla miki a leda, daddawa a wata, gishiri a wata, sannan a haɗa duka a saka a babbar baƙa. Koko ma a leda, ƙosai a leda, mai zafi yana narka ta. Na taɓa ƙirga na dawowa cefane guda, goma sha huɗu. Ni malamar makaranta ce, ina koya wa yara tsafta da safe, da yamma in shigo gida da goma sha huɗu.

Yanzu aibinsu. Babba shi ne na damina. A tsakiyar Agusta moton ya lalace, kwana goma sha ɗaya ba mu ga ƙeyarsu ba, ba kira ba aike. Jakin kaɗai ba ya iya zagaye unguwa. Tano ya cika ya jiƙe, tsutsa ta fito, ƙuda ya hana mu cin abinci a waje. Kuma wannan ne lokacin da aka fi bukatarsu, don kowa ya san halinmu: da hadari ya haɗo sai ka ga yara suna fitowa da kwandon shara a guje, a zuba a lambatu wai ruwa ya tafi da ita. Ina za ta? Ta je ta toshe kwalbatin gaba, ruwa ya dawo ɗakin wani. Titunan da aka gyara lokacin Maradi Kwalliya, shirin ƙawata gari don bikin ranar jamhuriya a 2015, leƙa magudanansu ka gani. Mu da kakanninmu suka baro kwari suka hawo tudu saboda ambaliyar 1945, mu da muka ga abin da ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya yi wa gidaje da rayuka a garin nan, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, bai kamata a ce sai an roƙe mu ba. Ga kuma amai da gudawa, wanda ya shigo ta ɓangaren Madarunfa a 2018, ba wanda ya manta. Da suka dawo na ce sai an rage mini kuɗin watan. Shugaban ya sosa ƙeya ya ce, "Inna, a yi haƙuri, kuɗin gyaran ne ya fi ƙarfinmu." Ya rage dala ɗari. Na karɓa, amma na ce masa ba ragin ne ya dame ni ba, shirun ne.

Da sallar layya kuma sun nemi ƙari kafin su ɗauki kayan cikin rago, abin da ba ya cikin maganarmu ta farko. Wannan ƙarami ne. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne yaran da hannu tsirara suke aiki, ba safar hannu, ƙafa silifas. Ɗayansu kwalba ta tsage masa tafin hannu a ƙofata, ni na wanke na ɗaure masa. Tun ranar nake naɗe fasasshen gilashi da reza a tsohon kwali kafin in jefa.

Wata Asabar na tambaye su inda suke kai kayan. Suka ce in biyo su in gani. Na tare adaidaita na bi bayansu. Tun a hanya na fara ganin ɓarna: moton ba shi da murfi, duk ramin da ya faɗa sai leda biyu uku su tashi su maƙale a ƙaya. Wurin da suka sauke tsohon rami ne a bayan gari, inda aka haƙi ƙasar gini. Ba katanga. Gefe guda yana ci da wuta a hankali, irin hayaƙin roba mai kama maƙogwaro, ya bi iska ya nufi sabbin gidajen da ke kusa. Yara da buhuna suna tono da sanda, suna ware gwangwani da ƙarfe da tsofaffin takalman roba da jarkoki. Can a inuwa wani mutum zaune da sikeli yana saye kilo-kilo, ya ce mini yawanci Kano ake lodinsu. Na lura duk abin da ke da kuɗi ba ya kwana a wurin. Baƙar leda ce kaɗai ba mai ɗaga ta. Asalin wurin binne shara, yadda muke karantawa, ana killace shi, a daɓe gindinsa don kada ruwan ƙazanta ya tsiyaya zuwa rijiyoyi, a riƙa rufe abin da aka zuba da ƙasa. Wannan rami ne kawai.

Ina tsaye ina toshe hanci da mayafi sai ga garken awaki ya gangaro. Cikinsu har da wata ja, gashinta na sheƙi, sak tawa, ta sa baki ta jawo ledar da aka ƙulla ƙosai a ciki tana taunawa saboda ƙanshin mai. Wataƙila daga tanona ta fito. Na kore ta, ta matsa taku uku ta samu wata.

Duk da haka na sake biyan watan tara, kuma wadda ta tambaye ni zan ce ta shiga. Jujin bakin lungunmu ya ragu da fiye da rabi, sauro da wari sun yi sauƙi, sauran awakina biyu a ɗaure suke suna ƙiba. In maki ne irin na aji, goma sha uku bisa ashirin zan ba su: ɗa'a da gaskiyar kuɗi sun ci, damina ta kayar da su. Wadda za ta shiga ta yi magana da su tun farko a kan ranar da moto ya lalace da kuma kayan layya, a rubuta a bayan resi. Ta kuma yi rariya tun kafin a baje mata tano a ƙofar gida.

Cefane yanzu da kwandon kaba nake zuwa, da ƙananan robobi uku masu murfi. Mai ƙosan bakin titi ta yi mini dariya ranar farko da na miƙa mata kwano, ta ce, "Malama, an koma zamanin iyayenmu ke nan?" Yanzu da ta hango ni take miƙo hannu ta karɓa. Samarin kuma na ba su tsohon gidan sauronmu, Talatar da ta wuce na ga sun lulluɓe bayan moton da shi, sun ɗaure kusurwa huɗu da igiya. Safar hannu ce har yanzu shiru. Shugaban ya ce ƙarshen wata, na ce masa ranar da zan biya zan duba hannun yaran kafin in buɗe jaka.