Something Else!!!! da Tomorrow Is the Question!: wanne za a fara saurara?

Malam, ka tambaya ko faya-fayan nan biyu na makaɗin jaz Ornette Coleman da kamfanin Craft Recordings ya sake fitarwa a kwali ɗaya a 2022, mai suna Genesis of Genius, kusan abu ɗaya ne, kuma wanne ya kamata ka fara da shi. Shawararmu ka fara da na biyun, wato Tomorrow Is the Question!, domin fiyano ne ya raba su.

Duka biyun a Los Angeles aka ɗauke su, a kamfanin Contemporary na Lester Koenig, kowanne da kiɗa tara, duk na Coleman. Yana busa alto saksofon, farin nan na roba da aka san shi da shi, Don Cherry yana gefensa da turampet. Iyakar kamanninsu ke nan.

Something Else!!!! an ɗauke shi ne a Fabrairu da Maris na 1958 da mutum biyar: Coleman da Cherry, sai Walter Norris a kan fiyano, Don Payne a kan bes, Billy Higgins a kan ganguna. Ginin kiɗan na bibop ne zalla, wato salon jaz da aka saba da shi a lokacin. "Chippie" da "Angel Voice" suna tafiya ne a kan tsarin gaɓa 32 da kowane mai jaz na lokacin ya haddace, "When Will the Blues Leave?" kuwa bulus ne mai gaɓa 12. Inda gizo ke saƙar shi ne, aikin mai fiyano ya riƙa buga jerin kod (sautuka da ake bugawa tare a lokaci ɗaya) da aka tsara, gaɓa bayan gaɓa, ga shi kuma sautin fiyano a ƙayyade yake, ba ya lanƙwasuwa. Coleman kuwa karin da ke kansa yake bi, yana ɗaga sauti kaɗan ko ya sauke shi da gangan don ya yi kama da muryar mutum. In suka haɗu sai sabon kunne ya ɗauka saksofon ɗin ne bai saitu ba. Norris ƙwararre ne, ba laifinsa ba ne, an dai ba shi aikin da ke cin karo da na mai faifan. Abin da ya ɗaga wannan faifai shi ne kyawun karin da kuma Higgins, wanda hannunsa ba ya nauyi a kan farantan ƙarfe na gangunansa. Mai saksofon John Coltrane ma ya ɗauki "The Blessing" da "Invisible" ya sake buga su da Cherry a 1960.

Tomorrow Is the Question! an ɗauke shi tsakanin Janairu da Maris na 1959, an cire fiyano gaba ɗaya. Shelly Manne ne a kan ganguna. Percy Heath ya riƙe bes a kiɗa shida na farko, Red Mitchell a uku na ƙarshe: "Lorraine", "Turnaround" da "Endless". Da fiyano ya fita sai fili ya buɗe, lanƙwasar sautin nan da ta yi kama da kuskure a 1958 ta koma magana. Ka saurari "Lorraine", wanda aka yi don tunawa da mai fiyano Lorraine Geller da ta rasu a 1958: a hankali yake farawa kamar makoki, karin ya zabura, ya sake lafawa, Manne yana bin numfashin masu busa. Rauninsa guda ne, Heath da Mitchell sun saba da bin jerin kod, don haka wani lokaci za ka ji bes yana laluben inda saksofon ya nufa. Wannan giɓi bai cike ba sai da mai bes Charlie Haden ya shigo ƙungiyar Coleman.

Ga yadda za ka ji bambancin da kunnenka cikin minti 15. Sa "When Will the Blues Leave?", ka riƙa ƙirga gaɓa 12 da yatsa, ka bi hannun hagu na Norris. Nan take ka sauya zuwa "Turnaround", shi ma bulus ne mai gaɓa 12, ka bi bes kaɗai. Kada ka yi wannan da lasifikar waya, domin ba ta fitar da sautin ƙasa, kuma a faifai na biyu bes ne kawai ke nuna maka inda ake. In ya ɓace, sai ka ji kamar busa ce barkatai. Sa na kunne mai rufe kunnuwa ko lasifika babba.

Batun saye kuwa, kwalin ya fito iri biyu: na CD biyu, da kuma na faifan garmaho biyu masu nauyin giram 180, waɗanda Bernie Grundman ya gyara sautinsu. Idan na garmaho ne, ka auna nauyin allura daidai da abin da kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta. Allurar da ta yi sauƙi fiye da ƙima tana karkarwa a manyan sautukan alto, musamman kusa da tsakiyar faifai, sai mutum ya ɗora wa bugun laifi. In injinka ƙarami ne mai lasifika a jiki, CD ɗin ya fi maka.

Amma idan kururuwar saksofon da kiɗan da ya saki tsari kake nema, babu shi a ɗayansu. Wannan sai a faya-fayansa na kamfanin Atlantic: The Shape of Jazz to Come, da aka ɗauka a Mayun 1959 da Haden da Higgins, sannan Free Jazz na Disambar 1960, inda mutum takwas suka yi kusan minti 37 suna bugawa ba tsayawa.