Tsarin Fitar da Hira na WhatsApp a Matsayin Hujjar Ciniki

Wani ɓangare na cinikin albasa tsakanin garin Aliero na jihar Kebbi da kasuwar Mile 12 ta Legas a WhatsApp ake ƙulla shi yanzu, kuma da zarar saɓani ya taso kan farashin buhu ko kuɗin mota, abin da kowa ke fara zarowa shi ne hoton allon waya. Sai dai manhajar tana da wani tsari da ba kowa ya damu da shi ba, wanda ke fitar da hira a matsayin rubutu. A wayar Android, mutum zai buɗe hirar ya taɓa ɗigo ukun da ke sama, ya zaɓi fitarwa, sai ya sami fayil wanda kowane saƙo a cikinsa ke ɗauke da kwanan wata da lokaci da sunan mai magana. Yana kwasar saƙo har 40,000 idan rubutu ne zalla, ko 10,000 idan an haɗa da hotuna da muryoyi.

Inda ya fi hoton allo shi ne cikar zance. Hoto ba ya nuna fiye da abin da allo ya ɗauka, kuma mai ɗaukarsa ne ke zaɓar inda zai fara da inda zai tsaya. Dillali zai iya nuna wa shugaban 'yan albasa saƙon da mai saye ya ce ya amince da farashi, ya ɓoye na ƙasa da shi inda aka gindaya sharaɗin cewa sai idan kaya sun iso ranar Talata. Fayil ɗin rubutu yana jero maganar tun daga sallama har zuwa rigima, ta yadda mai sasanci zai ga wanda ya fara sauya baki.

Rauninsa kuwa ba ƙarami ba ne. Rubutu ne tsurarsa, duk wanda ya buɗe shi zai iya mayar da dubu 60 ta koma dubu 80 ba tare da barin wata alama ba, alhali jirkita hoto yana buƙatar ɗan ƙwarewa. Sunan da ke jikin saƙo ma wanda mai wayar ya ajiye ne, ba shaida ba ce cewa wane ne ya yi maganar. Babbar matsalar a wurinmu ita ce yawancin 'yan kasuwarmu da murya suke ciniki, don haka wanda ya fitar da hira ba tare da muryoyin ba zai tarar da layuka barkatai da ba su ce komai ba face sanarwar cewa an cire wani abu a wurin. Ga shi kuma tun 2023 ana iya gyara saƙo cikin minti 15 da aika shi, goge shi ga kowa kuwa yana yiwuwa har kusan kwana biyu, don haka wanda ya yi jinkirin fitar da hirar abin da ya rage kawai zai samu.

A gaban babbar kotu, hoton allo da fayil ɗin rubutu duka biyun ba sa shiga kai tsaye. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buƙaci a yi bayanin na'urar da ta samar da takardar da yadda aka samar da ita, kuma a shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka buga daga intanet saboda rashin cika wannan sharaɗi.

Ina ganin tsarin ya cancanci kowane ɗan kasuwa ya koye shi, musamman da yake kyauta ne, amma a fitar da hirar tare da muryoyinta ranar da aka ƙulla ciniki, a tura wa abokin cinikin da kuma wani amintacce, sannan kada a goge ta asali daga waya. Batun biyan kuɗi kuwa daban ne, domin nan bayanin asusu daga banki da lambar shaidar turawa (session ID) mai alƙaluma 30 da ke jikin rasidin tura kuɗi ake nema.