Kalangu ko wayar gwangwani: wanne ya fi koya wa yara sauti?

Malamin firamare da ke son ɗalibai su gane cewa girgiza ce ke haifar da sauti, ya ɗauko kalangu. A zuba ƙwayoyin gero a kan fatar, a buga, yara su ga gero na tsalle. A matse tsirkiyar a hammata, fata ta ɗaure, murya ta yi sama. Sai dai aron kalangu ba ƙaramin aiki ba ne, kuma makaɗi ba ya son yara su taɓa masa kaya.

Wayar gwangwani kuwa kusan kyauta ce: gwangwanin madara biyu da zare. In zaren ya miƙe, raɗa ma takan isa ɗaya kunnen. In ya yi sako-sako, shiru. Ni ita na fi so, don kowane yaro yana riƙe da tasa.