Kishiyar "kwanton ɓauna": fito-na-fito ko fitowa fili?

Malam, cikin biyun nan da kake tambayar wacce ce kishiyar "kwanton ɓauna", ɗauki "fito-na-fito". "Fitowa fili" kuwa ajiye ta gefe, tana da ranarta.

Ba a nemo wa magana kishiya sai an kwance ta an ga abin da ke ƙunshe a ciki. Kwanton ɓauna abu uku ne a ƙulle: ɓuya, jira, da niyyar far wa wani. Zare ɗaya, magana ta sauya. Wanda ya ɓuya ba da nufin cutar kowa ba, laɓewa kawai ya yi. Wanda ya zauna a sarari yana jira, dako yake yi. Wanda ya auka wa mutane ba tare da ya jira su ba, farmaki ya kai ko samame. Ita kanta maganar daga halin ɓauna aka ɗauko ta. Mafarauta sun san in aka ji mata rauni ba a kashe ta ba, takan kutsa cikin duhuwar ciyawa ta kewayo ta lafe kusa da sawunta. Mai bin jini yana sunkuye yana duba ƙasa, sai dai ya ji ƙaho.

To, kishiya ta gari ba komai take rushewa ba. Fage ɗaya take tsayawa da abokiyarta, sannan ta juya mata baya, kamar yadda zafi da sanyi duk maganar yanayi suke. Fito-na-fito ta cika wannan sharaɗi. Faɗan yana nan, ɓuyar ce ta tafi, ba-zatar ma ta tafi. Saurari kalmar da kanta: fito, na fito. Ƙalubale ne, kowa ya san da zuwan kowa.

Janar guda ya nuna duka biyun cikin shekara biyu a jere. A shekara ta 217 kafin haihuwar Annabi Isa, Hanibal, janar ɗin Carthage mai yaƙi da Romawa, ya ɓoye mayaƙansa a tuddan da ke saman hanyar bakin tafkin Trasimene a Italiya. Da safe hazo ya rufe wurin, rundunar Romawa ta shigo a layin tafiya ba a shirin yaƙi ba, aka rufto mata daga sama, har jagoranta Flaminius ya rasa ransa. Wannan kwanton ɓauna ne. A shekara ta 216 kuwa, a Cannae da ke Italiya, rundunonin biyu sun ja daga a fili kowa na kallon kowa kafin a gwabza. Dabara ta yi aiki a can ma, amma fito-na-fito aka yi.

Ga gwajin da ba ya ƙarya: saka kalmomin cikin jimlar "ba kaza ba, kaza". "Ba kwanton ɓauna suka yi musu ba, fito-na-fito aka yi." Ta zauna daram. Yanzu gwada ɗayar: "Ba kwanton ɓauna suka yi musu ba, fitowa fili suka yi." Mai sauraro zai tsaya yana jiran ƙarashe, sun fito fili sun yi me? Kishiyar ɓuya ce kawai, ba ruwanta da faɗa. Inda take ɗan taɓukawa shi ne in ba batun makami ake ba, kamar mai haƙon wani a wurin aiki yana jiran ya yi kuskure. A nan sai a ce gara ya fito fili ya faɗi abin da ke ransa.

Kula da ɗaurin jimla, nan mutane suke tuntuɓe. Ana yi WA mutum kwanton ɓauna, domin ɓangare ɗaya ne ke aikin, ɗayan bai ma sani ba. Ana yin fito-na-fito DA mutum, domin sai da biyu. "Sun yi musu fito-na-fito" gurguwar jimla ce. In kana son kalma mai ɗan sanyi, "gaba da gaba" tana ɗaukar "da" ita ma, kuma tana shiga har muhawara. "Farmaki" kada ka kusance ta a nan, ai da farmaki kwanton ɓauna yake ƙarewa. "Tserewa" da "ja da baya" niyyar kawai suka juya, wato kishiyoyin tunkara ne.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallar kundin kishiyoyin kalmomi a intanet. Akwai masu kwaso jerin Turanci su zuba wa manhajar fassara, su yi masa bango mai kyau su sa kuɗi. Kafin ka biya, ka ce a turo maka shafi ɗaya daga tsakiya, ba na farko ba. Duba ko akwai jimlar misali a ƙarƙashin kowace kalma, ka kuma duba ƙugiyar haruffa. In ka ga "bauna" da b maras lanƙwasa, ko an jero maka "tsayuwa" a matsayin kishiya don kawai an hango kwanciya a cikin "kwanto", mayar da kuɗinka aljihu.