Ƙaramin jirgi na iyali: wanne ya dace da kai, kuma dole ne sai ka saya?

Ranar da na ce zan ɗauki iyalina a jirgin da nake tuƙawa da kaina, abin da na fara fitowa da shi sikelin banɗaki ne. Na dire shi a tsakiyar falo na ce kowa ya hau. Yara suka ɗauka wasa ne, suka yi ta rige-rige. Uwargida kuwa ta tsaya ta kafe ni da ido.

"Maigida, yau kuma awon me ake yi? Buhunan masara muka zama?"

"Ranki ya daɗe, jirgin ne ba ya jin lallashi. Hau kawai, ba mai gani sai ni."

Da ni da ita da yara biyu muka tashi kilo 235. Jakunkuna, har da kular abinci da tsarabar da za a kai wa dangi, suka ƙara kilo 40. Jirgin da na yi haya Cessna 172 ne, mai kujera huɗu. Duk abin da zai iya ɗauka, mutane da kaya da mai, bai wuce kilo 400 ba. In aka cika tankinsa, lita 200, man kaɗai ya cinye kilo 144. Saura 256 ke nan, mu kuma 275. Ranar sai da muka rage mai, muka tsara yada zango a hanya, kular abinci kuma ta zauna a gida.

Na fara da wannan ne saboda duk wanda ya tambaye ni wane jirgi zai saya, kujeru yake ƙirgawa. Kujera huɗu a ƙaramin jirgi alkawarin ɗan kasuwa ne. Abin da za ka tambaya shi ne: in an zuba man da zai kai ni inda nake zuwa, kilo nawa ya rage mini? Ka kuma tuna yaron da ke kilo 30 bana, nan da shekara biyar ya kamo ka.

A Amurka nake zaune, a nan na koyi tuƙi, kuma nan ne kasuwar waɗannan jirage ta fi ci. Yawancin abin da zan faɗa daga nan yake. Amma masu tambayata da yawa suna Kano ko Kaduna ko Abuja, kuma ga wanda zai ajiye jirginsa a gida lissafin yana canzawa sosai, zan zo kansa.

Cessna 172 shi ne jakin wannan harka. Tun 1956 ake ƙera shi, an yi fiye da 44,000, babu jirgin da aka ƙera da yawa kamarsa a tarihi. Gudunsa wajen kilomita 220 a awa, yana shan lita 30 zuwa 38. Daga Kano zuwa Abuja a miƙe ta sama kimanin kilomita 365 ne, wato awa ɗaya da minti arba'in in iska ba ta tare ka ba. Ba shi da gardama wajen sauka, kuma ba makanikin jirgin da bai san cikinsa ba. Fukafukansa a saman rufi suke, abin da ke ba ka inuwa a fili da rana tsaka, ya kuma bar wa yara taga su kalli ƙasa ba abin da ya kare musu. Ƙofa biyu gare shi, ana shiga kamar mota. Ga miji da mata da ƙananan yara biyu ya wadatar. Manya huɗu da kayansu kuwa, a manta.

Abokin hamayyarsa Piper Archer ne, daga dangin Cherokee. Inji ɗaya suke da shi a ƙarfi, dawaki 180, gudu kusan ɗaya, nauyi kusan ɗaya. Matuƙa sun shekara da shekaru suna musu a kan wanne ya fi, musun da ba ya ƙarewa. Ni abin da ya raba mini gardama ƙofa ce. Fukafukan Archer a ƙasa suke, ƙofarsa ɗaya tak a ɓangaren dama. Sai ka taka fiffike, ka sunkuya, ka zura ƙafa ka zame ciki, kuma matuƙi ke fara shiga kafin wanda zai zauna gefensa. Na taɓa ganin wata dattijuwa da ciwon gwiwa tana wannan fama, mutum biyu na riƙe da ita. Ka hango Hajiyarka da zani da mayafi a kan fiffike, iska na kaɗawa, sannan ka yanke hukunci.

Wanda na fi ba wa masu iyali shawara a kai shi ne Cessna 182. Kamannin 172 gare shi, sai dai ya fi faɗi, injinsa dawaki 230, gudunsa kusan kilomita 265. Yana ɗaukar kilo 500, kuma sirrinsa a tanki yake. Tankin lita 330 ne, man awa shida da ɗoriya, kuma ba iyalin da za su zauna awa shida a jirgin da ba banɗaki. Ka zuba lita 230, ka sami tafiyar awa uku da rabi da ragowar ko-ta-kwana, sai ka ga kilo 335 sun rage maka na mutane da kaya. Kuɗinsa shi ne shan mai, wajen lita 50 a awa, ga inshora da gyara da suka ɗara na ƙanensa.

Akwai dalili na biyu da ya sa nake son ƙarin ƙarfin nan. Zafi yana sa iska ta yi shara-shara, inji ya rasa numfashi, fukafukai su rasa abin kamawa. Jirgin da ya tashi cikin sauƙi da sanyin safiya, in rana ta take a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri sai ya ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, ya riƙa hawa kamar tsohuwar tifa a kan tudu. Filin jirgin Jos kuma yana kan tsayin kusan mita 1,300. Cikakken 172 a irin wannan yanayi ba ya barin maka sarari ko kaɗan.

In gidanka ya wuce mutum huɗu, kuma gidajenmu da yawa sun wuce, sai ka duba masu kujera shida: Cessna 206, ko Piper Cherokee Six da magajinsa Saratoga, ko Beechcraft Bonanza A36. Na farkon akori-kura ce mai fiffike, tana ɗaukar sama da kilo 600 kuma ba ta ƙyamar titin ƙasa. Bonanza ya fi su gudu da kyau, ya kuma fi su cin kuɗin makaniki saboda tayoyinsa masu naɗewa. Kamfanonin inshora ba sa murna da sabon matuƙi a cikin irin waɗannan.

Sai Cirrus SR22, wanda matan matuƙa suka fi amincewa da shi, kuma suna da hujja. Tun fitowarsa a 2001 yake ɗauke da laima ta jirgin gaba ɗaya. Akwai jan mariƙi a rufi sama da kan matuƙi. In inji ya mutu a inda ba wurin sauka, ko matuƙin kansa ya suma, ko wanda bai iya tuƙi ba zai iya finciko shi, roka ta harba laimar, jirgin ya sauko da mutanensa a ciki. Mutane da dama sun tsira ta haka. Yana gudun da ya haura kilomita 300 a awa, cikinsa kamar na motar alfarma. Sabo da kayansa yana kai wa dala miliyan ɗaya, kuma duk shekara goma dole a sake naɗe laimar a canza rokar, aikin dubban daloli. Ina ganin darajar laimar. Abin da nake tsoro shi ne mai kuɗin da zai saye shi a matsayin jirginsa na farko, gudun jirgin ya riga tunaninsa.

Duk jiragen da na lissafa man fetur na musamman suke sha, mai launin shuɗi, wanda ake kira avgas. A Amurka yawancin ƙananan filaye suna da famfonsa, ka sa kati ka zuba da kanka. A Najeriya da Nijar samunsa aiki ne. Shigo da shi ake yi, sau da yawa a duro, ga tsada, kuma ba za ka sauka a Katsina ko Yola ka tarar yana jiranka ba. Man da ke filayenmu shi ne Jet A1, dangin kananzir, na manyan jirage. Saboda haka ga mai ajiye jirgi a gida, zaɓin ya kusa takaita ga masu injin dizal da ke shan Jet A1, kuma fitacce a cikinsu Diamond DA40 NG ne, ƙirar Ostiriya. Lita 20 zuwa 25 yake sha a awa. Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta koma horar da ɗalibanta da jiragen Diamond ne saboda wannan matsala ta mai, kuma amfanin hakan gare ka shi ne akwai injiniyoyin da suka san injin a kusa. Aibunsa biyu a wajena. Rufinsa gilashi ne, in kana jiran izinin tashi da rana sai ka ji kamar an kife ka da kwano. Kuma kujera huɗun nan, lissafin sikeli bai bar shi ba.

Takardu ma suna nan. Jirgi mai rajistar Najeriya lambarsa da 5N take farawa, na Nijar 5U. NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ke ba da izinin tashi na ƙashin kai, kuma izinin bai yarda ka ɗauki fasinja don kuɗi ba. A 2024 ta dakatar da izinin wasu masu jirage da aka samu suna haya da su. Duk wanda ya ce maka jirgin zai riƙa ciyar da kansa da ɗan kabu-kabu, ka bar shi da maganarsa.

To, dole ne sai ka saya? Jirgi kamar doki yake, ko an hau ko ba a hau ba sai ya ci. Kuɗin rumfa, inshora, binciken shekara-shekara da doka ta wajabta, duk suna tafiya ko yana tsaye. Injin irin na 172 kuma ana sa ran a kwance shi a sabunta bayan awa 2,000, aikin da ke cin dubun-dubatar daloli. Matuƙa a nan kan ce in ba ka yin awa ɗari a shekara, haya ta fi maka. A wurare da yawa ana ba da 172 haya da mansa kan dala 150 zuwa 200 a awa, kuma awar da inji ke aiki kaɗai ake ƙirgawa. Matsalar haya tana fitowa ne ranar da kake son tafiyar kwana uku: makarantar ta fi son jirginta ya zauna yana koyar da ɗalibai, sai ta ɗora maka mafi ƙarancin awoyi a kowace rana, ko ta ce duk an kama.

Ni tarayya na shiga. Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka sayi tsohon 182. Kowa yana zuba kason wata-wata na rumfa da inshora, sannan duk awar da ka tashi ka jefa wani abu a asusun inji. Abin yana tafiya lafiya, amma sai da muka rubuta komai: wa ke biya in an fasa taya, yadda za a sayi kason wanda ya gaji, da rabon ranakun hutu. Sauran ukun ba Musulmi ba ne, don haka ba mai yi mini takara a ranar Sallah, ni kuma na bar musu Kirsimeti. Da a ce da 'yan uwana muka saya, da wannan sakin layi ya fi haka tsawo.

Lasisin tuƙi na ƙashin kai yana buƙatar aƙalla awa 40 a sama, yawancin mutane sai sun yi 60 zuwa 70. Wannan lasisi na tashi da ido ne, sai kana ganin ƙasa da sararin gabanka. Daga Nuwamba zuwa Maris hazo kan rufe Kano har manyan jirage su kasa sauka, da damina kuma hadari kan haɗu cikin rabin awa. A watan Yuli na 1999 John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ya faɗa teku da Saratoga ɗinsa, da matarsa da yayarta a ciki. Jirgin lafiyarsa ƙalau. Hazo da duhu suka haɗe masa sama da ruwa, kuma bai kammala horon tuƙi da na'ura ba. Ƙananan jirage ba su kai na fasinja aminci ba, ko kusa, kuma mafi yawan haɗurransu daga shawarar matuƙi suke. In kuɗinka ba zai kai ga jirgi mai tsada da wannan horo na biyu ba, rage jirgin ka yi horon. Kuma ka gaya wa iyali tun a gida cewa akwai ranar da za a shirya tsaf, a je fili, ka dubi sama ka ce a koma mota, ko da ɗaurin aure ake jiranku. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tafiyar farko da su ka yi ta bayan asuba, kafin rana ta dumama ƙasa iska ta fara jijjiga jirgi. Kada ta wuce minti arba'in. Sayi abin kunne daidai kan kowane yaro, don ƙarar inji ba wasa ba ce, ka sa leda a aljihun kujera, ka sauko a hankali saboda kunnuwansu.

Sabon 172 ya haura dala 400,000, shi ya sa kusan kowa na hannu yake saye, wasu ƙirar shekarun 1970. Shekarun ba su ne abin tsoro ba. Nemi littattafan tarihin jirgin, inda ake rubuta kowane gyara tun ranar da ya fito daga masana'anta, in akwai shafukan da suka ɓata farashi ya faɗi. Kawo makanikinka, wanda bai taɓa cin kuɗin mai sayarwa ba, ya buɗe ya duba. Jirgin farko da muka kusa saya fentinsa sabo ne fil, awoyin injinsa kaɗan, har mun fara murna. Makaniki ya zura 'yar kyamara cikin silinda ya juyo mana da allon: tsatsa ce jawur, don jirgin ya shekara uku a tsaye kusa da teku ba a tayar da shi ba. Muka biya shi ladan yininsa muka kama hanyar gida. Wanda muka saya daga baya fentinsa ya koɗe, kujerar baya da faci, amma mai shi duk mako yake tashi da shi.