Madubin hangen nesa mai sauƙin kuɗi: abin da na gani bayan wata takwas a filin harbi

Shekara biyu ke nan da na fara zuwa filin koyon harbi a ranakun Asabar, nan kudancin jihar Teksas ta Amurka inda aiki ya kawo ni. Ba farauta nake yi ba, takarda kawai nake hudawa. Bindigata ƙarama ce, CZ 457 mai cin harsashin .22, wato mai kaurin inci 0.22, kuma yawancin harbina a yadi 50 ne da yadi 100. Duk wanda ya taɓa zama a bencin harbi ya san damuwar da ke ciki. Ka saki harsashi biyar, jikinka na ba ka ka yi daidai, amma ba ka san inda suka sauka ba. Dokar fili kuwa ba a wasa da ita. Ba mai tsallake layi ya nufi wajen takardu sai jami'in fili ya ce a dakata, kowa ya cire harsashi, ya buɗe bindigarsa, ya ja da baya. A filinmu sai an yi kusan rabin awa kafin a ba da wannan dama. Idan saitinka ya karkace tun daga harsashin farko, duk abin da ka harba a wannan rabin awar ya tafi a banza.

Wannan ne ya sa na nemi madubin hangen nesa, irin mai ido ɗaya da ake kafawa a gefen mai harbi. Sau biyu na saya. Na farkon ya koya mini darasi, na biyun shi nake amfani da shi yau wata takwas, kuma a kansa nake son yin magana.

Na farkon a intanet na gan shi, kuɗinsa bai kai dala 60 ba. An rubuta 20-60x60 a jikin kwalin da manyan lambobi, wato yana kusanto da abu daga sau 20 zuwa sau 60, ga ɗan madogari mai ƙafa uku a ciki kyauta, ga jaka. Lambar 60 ɗin nan ita ta ja ni. Na ɗauka tunda yana kusanto da abu har sau 60, ai magana ta ƙare. Ranar da na fara kafa shi, a kan 20 na ga takardar tas, sai dai hudar harsashin ta yi ƙanƙanta. Na murza zuwa 40, hoton ya fara dishi-dishi. Da na kai 60 sai komai ya dushe, kamar kana hangen Dala daga nesa ranar da hazon hunturu ya sauka. Takardar ta cika ido, amma babu abin da na iya rarrabewa a jikinta.

Wani dattijo da ke bencin kusa da ni, tsohon soja ne da ya daɗe yana gasar harbi, ya leƙa madubin, ya ɗago, ya karɓi birona ya yi mini lissafi a bayan kwalin harsashi. Lambar ƙarshe, in ji shi, faɗin gilashin gaba ce da milimita. Ka raba ta da yawan kusantowar, abin da ya fita shi ne faɗin hasken da ke shiga idonka. 60 a raba da 60, milimita 1 ke nan. Ƙwayar idon mutum da rana tana buɗewa wajen milimita 2 zuwa 3. Ashe ni da kaina nake toshe wa idona haske duk lokacin da na murza zuwa ƙarshe. Ya ƙara da cewa kusantowa ba ta ƙirƙiro abin da gilashi bai kama ba. Idan gilashin bai rarrabe hudar ba, girmama hoton dishi-dishin kawai zai girmama.

Wannan lissafin ya sauya yadda nake kallon lamarin gaba ɗaya. Hudar harsashin .22 ba ta wuce milimita 5.6 ba. Yadi 100 kuwa mita 91 ne da ɗoriya. Idan madubi yana kan 30, takardar da ke yadi 100 tana zama kamar tana yadi 3 da 'yan kai a gabanka. Mai lafiyar ido zai ga huda irin wannan a farar takarda daga yadi 3. Ke nan ba 60 nake buƙata ba. Abin da nake buƙata shi ne 30 mai tsabta.

Da na koma kasuwa sai na tafi da ido daban. Sunayen da za ka fi ji a bakin mutanen fili idan ana zancen masu sauƙin kuɗi su ne Celestron Ultima 80, da Athlon Talos, da Vortex Diamondback HD ga wanda aljihunsa ya ɗan fi nauyi. Mutane na son Vortex ne musamman saboda garantinsu, wanda ba ya ƙarewa kuma ba a tambayar rasit. Can sama kuma akwai su Swarovski da Zeiss da Leica da Kowa, waɗanda manyansu ke cin dubban daloli. Na leƙa wani sau ɗaya, kuma gaskiya kuɗin yana inda ya tafi. Nawa ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Na wani ƙaramin kamfani ne, 20-60x80, na biya wajen dala 200, kuma lambobin jikinsa da halinsa a fili su suka fi sunansa amfani ga mai neman saye.

Abu uku na tsaya a kai kafin na biya: gilashin gaba ya kai milimita 80, gilashin cikinsa mai juya hoto ya zama irin da ake kira BAK-4, sannan a ce an yi wa dukkan fuskokin gilasan shafin da ke hana haske tarwatsewa, ba na waje kaɗai ba. Masu sayarwa sun iya wasa da kalmomi a nan. Wani zai rubuta "an shafa" alhali fuska ɗaya aka taɓa.

A yadi 50 babu ma abin tattaunawa. A kan 20 ina ganin kowace huda, har gefen takardar da ya yage. A yadi 100 ina ajiye shi tsakanin 30 da 35, kuma a farar takarda ina ƙirga harsashi biyar ɗaya bayan ɗaya, ko da biyu sun taɓa juna. Lissafin dattijon nan ya fito: 80 a raba da 30 ya ba da kusan milimita 2.7, daidai da abin da ido ke iya sha. Ranar farko da na harba, na karkata kai kawai na ga hudar ta faɗi ƙasa da hagu, na gyara saiti nan take, na sake harbawa ta matso tsakiya, wallahi daɗin da na ji ba kaɗan ba ne. Abin da a da yake cin mini awa guda da kwalin harsashi, yanzu harsashi shida ya ishe shi.

Daga 45 zuwa sama labari ya fara canzawa. Hoton yana laushi, sannan wani siririn layi mai launin shunayya yana fitowa a duk inda baƙi ya haɗu da fari. Haka gilashi na gama-gari yake, launukan haske ba sa haɗuwa a wuri ɗaya bayan sun ratsa shi. Gilashin da ake kira ED shi ke rage wannan, kuma shi ne babban abin da ke raba farashi. Ban ɗauki wannan a matsayin cuta ba, don na san abin da na biya. Amma wanda ya saya yana tsammanin zai yi aiki da 60 kullum, ransa zai ɓaci.

Inda madubin ya fi wahala shi ne baƙin da'irar tsakiya. Huda baƙa a kan baƙi, a yadi 100, idan rana tana bayan takardar ko gari ya yi lumshi, sai ka yi ta zuba ido kana tantama. A nan ba sabon madubi na saya ba, takarda na canza. Akwai irin da ake mannawa, kamar Shoot-N-C na kamfanin Birchwood Casey, wadda duk inda harsashi ya huda sai baƙin ya ɓare, zobe mai ruwan ɗorawa ya fito kewaye da hudar. Da irin wannan takardar, wani ɗan'uwanmu ɗan Damagaram da muke zuwa tare, mai harba .308, yana ganin hudarsa a yadi 200 da madubina ba tare da wahala ba. Hudarsa ta kusa milimita 8, ta fi tawa girma sosai. A yadi 300 kuwa sai da sassafe, kuma ba kullum ba.

Dalilin "da sassafe" ɗin nan shi ne abin da babu mai sayarwa da zai rubuta maka a kwali: kawalwalniya. Wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya da tsakar rana a watan Afrilu ya san yadda kwalta ke rawa kamar an zuba ruwa a gaba. Haka filin harbi yake a bazarar Teksas. Ƙasa ta ɗau zafi, iskar da ke kanta tana tashi tana murɗawa, madubi kuma yana girmama wannan rawar daidai yadda yake girmama takarda. Da ƙarfe takwas na safe ina iya hawa 45 lafiya lau. Kafin azahar dole in sauko 25, in ba haka ba layukan takardar sai su riƙa lanƙwasa kamar igiya a ruwa. Na leƙa madubin dattijon nan mai tsada a irin wannan lokaci, shi ma rawa yake, sai dai rawarsa ta fi tawa tsabta. Shi ne ma ya nuna mini cewa gwanaye ba sa ƙin kawalwalniya, karanta ta suke yi. Sukan janyo fokas ya tsaya a tsakiyar fili maimakon kan takarda, su ga inda igiyoyin zafin suka karkata, daga nan su san inda iska ta dosa da ƙarfinta. Har yanzu koyo nake, amma na fara ganewa.

Sai maganar madogari, wadda na so a ce wani ya faɗa mini tun farko. Ɗan gajeren da ke zuwa cikin kwali, na ɗorawa a kan benci, bai iya riƙe madubi mai gilashin 80 ba. Kai ya fi ƙafa nauyi. Ka saita shi a kan takarda, ka ɗaure, ka saki hannu, sai hancin ya sunkuya a hankali ka tsinci kanka kana kallon ciyawa. Ga shi kuma bencinmu a haɗe yake da na maƙwabci. Duk lokacin da ya tayar da babbar bindigarsa, hotona sai ya yi tsalle. A kan 30, girgizar da ido ba ya gani ma ta zama sau 30. Na samo tsohon madogarin kyamara mai nauyi a hannun wani mai ɗaukar hoto da ya daina sana'a, dala 45. Notin ƙasan madubi da na kyamara iri ɗaya ne, rubu'in inci, don haka ya zauna daram. Na kafa shi a ƙasa, ba a kan benci ba, na rataya jakar yashi a ƙugiyar tsakiya. Na rantse sai ka ce an canza mini gilashi. Idan kuɗinka dala 250 ne, kada ka zuba duka a madubi. Ware wa ƙafafu rabonsu.

Na zaɓi mai lanƙwasasshen wuya, wanda wajen sa ido ya tashi sama da digiri 45, maimakon miƙaƙƙe. Ga mai zama a benci wannan ya fi. Jikinsa yana da zobe da ake sassautawa a juya shi, sai in kwantar da wajen idon ya fuskanci kuncina na hagu. Ina harbawa, in ɗan karkata kai, in duba, in koma kan bindiga ba tare da na ɗaga gwiwar hannu daga inda take ba. Miƙaƙƙe ya fi saurin gano abin da ake nema, wannan gaskiya ne, amma takarda ba ta gudu. Sau ɗaya ake nemanta a wuni.

Abu ɗaya da har yau yake damuna shi ne tazarar ido. A fili dole kowa ya sa tabaran kariya, ni kuma dama mai tabarau ne. Tabarau yana nisanta ido daga gilashi. A kan 20 ina ganin da'irar hoton cikakkiya idan na naɗe robar bakin. Ina hawa sama da 35 sai da'irar ta tsuke, kamar ina leƙe ta bakin tulu, sai na manna tabarau a jikin robar. Shawarar da ake ba masu tabarau ita ce su nemi tazarar da ta kai milimita 15 ko fiye, amma lambar da ake bugawa a kwali sau da yawa ta ƙaramar kusantowa ce. In da hali, je shago da tabaranka a fuska, ka murza daga farko har ƙarshe ka gani da idonka. Fokas ɗinsa ma kai ɗaya ne, mai saurin wucewa; taɓawa kaɗan ya zarce. Na saba, amma masu kai biyu, babba da na gyaran ƙarshe, sun fi daɗin hannu.

Wajen jure yanayi bai ba ni kunya ba. An cika cikinsa da iskar naitirojin an toshe, kuma yayyafi ya taɓa kama mu sau biyu, ruwa bai shiga ba. Sai dai idan na fito da shi daga mota mai esi zuwa danshin nan na gaɓar teku, gilashin waje yana yin gumi nan da nan. Kada ka goge da gefen riga, shafin jikinsa zai karce. Minti goma kawai yake so ya saba da iskar waje. Yanzu da na isa shi nake fara kafawa, in buɗe murafunsa, kafin in je manna takarda ya washe.

Ga mai harbin .22 ko bindigar iska daga yadi 25 zuwa 100, ko mai babban harsashi a yadi 200 da takarda mai ɓarewa, wannan ajin na 20-60x80 ya wadatar, kuma da zan koma baya shi zan sake saye, sai dai tare da madogarin kirki tun ranar farko. Wanda ke son ganin hudar .223, harsashi mai kauri kusan ɗaya da .22, a baƙar takarda daga yadi 300 zuwa sama, ya haƙura ya ci gaba da tara kuɗi har ya kai ga gilashin ED. Ɗan'uwan nan na Damagaram ya riga ya fara nasa tarin, don yana son komawa layin yadi 300 a kaka mai zuwa. Ni kuwa ina nan a yadi 100, madubi a kan 32, inda na sa masa ɗigon farin fenti a jikin zoben don kada in riƙa nema.