Gidan Kallon Ƙwallo na Bakin Tasha a Zamanin VAR da Dogon Ƙarin Lokaci

Gidan kallon ƙwallon da ke bakin tashar garinmu, a kan hanyar Ringim zuwa Taura, shi ne wurin da matasan garin da na ƙauyukan kewaye suke taruwa duk lokacin da ake buga gasar Firimiya ta Ingila ko ta Zakarun Turai. Ginin bulo ne mai rufin kwano, da jerin benci daga gaba har baya, da talabijin uku da aka kafe a bangon gabas, sai allon katako a bakin ƙofa inda ake rubuta wasannin ranar da alli. Kuɗin shiga naira 200 ne, idan kuma manyan ƙungiyoyi ne suka haɗu sai ya koma 300. A ganina wurin ya cancanci kuɗin da ake biya, kuma babban dalilina shi ne yadda mai gidan ya iya ɗaukar nauyin da sauye-sauyen dokokin ƙwallo suka ɗora masa, nauyin da masu tsara dokokin a Turai ba su san da shi ba. Akwai kuma gyare-gyaren da bai kamata a ci gaba da jinkirta su ba.

Maganar wuta ce ta farko, domin ita ce ke kashe gidan kallo ko ta raya shi. A da, mai janareto ya san cewa wasa da hutunsa ba zai kai awa biyu ba, saboda haka ya san man da zai zuba. Tun daga Kofin Duniya na 2022 a Ƙatar, inda aka umarci alƙalai su riƙa mayar da duk lokacin da ya salwanta wajen murnar cin ƙwallo da jinya da canjin 'yan wasa, lissafin ya sauya. A wasan Ingila da Iran kaɗai an ƙara kusan minti 27, daga baya kuma gasar Firimiya ta bi wannan sahu a kakar 2023/24. Wannan ya zo daidai da cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wanda ya sa farashin lita ya ninka har fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kafin daga baya ya haura naira 1,000. Gidajen kallo da dama a yankinmu sun riƙa kashe janareto a lokacin hutun rabin lokaci, wasu kuma mai ya riƙa ƙare musu ana tsakiyar ƙarin lokaci, alhali a nan ne yanzu ake yawan zura ƙwallon da ke raba gardama. Mai wannan gida ya ɗora faifan sola a kan rufi, ya sayi batura da inbata, ya mayar da janareto abin ko-ta-kwana. Tun daga lokacin ban ga wasan da ya yanke saboda wuta ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya fifita shi a kan takwarorinsa. Abin da ya rage shi ne ɗaukewar hoto idan hadari ya haɗu da damina, wanda ba laifinsa ba ne.

Sai na'urar VAR, wato bidiyon da ake sake dubawa don taimaka wa alƙali yanke hukunci, wadda ta fi kowace doka tayar da jijiyar wuya a kan waɗannan bencina. Mutanenmu sun fara saninta da ɗaci, domin a Kofin Duniya na 2018 a Rasha, a wasan Najeriya da Ajantina, ƙwallo ta taɓa hannun Marcos Rojo a cikin da'ira, alƙali ya je ya duba allo ya ce babu fenareti, sannan shi Rojon ne ya ci ƙwallon da ta fitar da mu a minti na 86. Amma daren da ya fi nuna abin da VAR take yi wa ɗakin kallo shi ne na 7 ga Fabrairun 2024, wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Afirka tsakanin Najeriya da Afirka ta Kudu a birnin Bouaké. Muna gaba da ci ɗaya, sai Victor Osimhen ya ƙara ta biyu ana saura kamar minti biyar a tashi. Ɗakin ya kaure da ihu, benci biyu suka kife, wasu samari suka fice titi a guje babu takalma, masu shayin bakin tasha suka baro tukwanensu. Waɗanda suka rage a ciki ne kawai suka ga alƙali ya zana akwati da yatsunsa ya nufi allo. Aka soke ƙwallon, aka koma can ɗaya gefen filin aka ba Afirka ta Kudu fenareti saboda ƙetar da Alhassan Yusuf, ɗan asalin Kano, ya yi wa Percy Tau kafin a kawo harin, Teboho Mokoena kuma ya farke. Masu murnar da suka dawo daga titi suka tarar da 1-1 a kusurwar talabijin, suka tsaya cirko-cirko suna tambayar abin da ya faru, kuma babu mai iya ba su amsa a cikin hayaniyar. Sai da golanmu Stanley Nwabali ya tare biyu a bugun fenareti na raba gardama, aka ci 4-2, sannan hankali ya kwanta.

Wannan ya kai ni ga babban aibin gidan, wato sauti. Lasifika ɗaya ce, tana gaba, kuma sharhin da Turanci ake yi. A zamanin da hukuncin alƙali yake nan take, ido ya wadatar, kowa ya ga abin da ya faru ya yanke nasa hukuncin. Yanzu kuwa ana iya tsayar da wasa minti uku ko huɗu ana zana layuka a kan hoto domin a gano ko kafaɗar ɗan wasa ta yi satar gida, kuma wanda bai ji bayani ba sai ya ɗauka maguɗi ake shiryawa. Wasu suna kunna rediyon waya don sauraron tashoshin Kano da ke sharhi da Hausa, sai dai muryar da hoton ba sa tafiya tare, har wani lokaci na baya ya yi ihun ci kafin ƙwallo ta bar ƙafar mai bugu a talabijin, abin da ke ɓata wa kowa rai. Mai gidan ya ɗan rage matsalar ta hanyar tsayar da ƙaninsa, wanda ya yi karatu a Dutse, kusa da talabijin ta tsakiya, yana ɗaga murya yana faɗin abin da ake dubawa: taɓa hannu ne, ko satar gida, ko jan kati. Dabara ce mai kyau, kuma na ga ta kashe rigima fiye da sau ɗaya, amma muryar mutum guda ba ta kai wa bencin baya.

Ra'ayin 'yan kallo a kan na'urar ya rabu, kuma galibi shekaru ne suka raba shi. Akwai wani dattijo mai goyon bayan Liverpool da ke zama a bencin farko, wanda har yau bai yafe ƙwallon Luis Díaz da aka soke bisa kuskure a gidan Tottenham a watan Satumban 2023 ba, kuskuren da hukumar alƙalan Ingila da kanta ta amsa. Na ji wani saurayi yana ce masa, "Baba, ai da babu VAR da zaluncin ya fi haka." Sai ya amsa masa da cewa, "Yaro, da can idan alƙali ya yi kuskure mun san ɗan Adam ne, ido biyu gare shi. Yanzu mutum yana zaune da allo a gabansa ya maimaita sau goma, sannan ya yi kuskuren, me za ka ce mini?" Ni na fi karkata ga saurayin, domin na fi son a jinkirta murna a kan a ci da haram, amma ba na raina abin da dattijon ya rasa. Ihun cin ƙwallo a wannan ɗaki ya rage ƙarfi, mutane suna miƙewa rabi da rabi suna kallon hannun alƙali tukuna. A Ingila ma, da ƙungiyar Wolves ta nemi a soke VAR, ƙungiyoyi 19 cikin 20 sun zaɓi a ci gaba da ita a watan Yunin 2024. Sauran dokokin ba su jawo surutu sosai ba. Canjin 'yan wasa biyar ya zama jiki, soke fifikon ƙwallon da aka ci a gidan abokan hamayya a gasannin Turai a 2021 har an manta da shi, sabuwar dokar daƙiƙa takwas kuwa, wadda ke sa a ba abokan hamayya bugun kusurwa idan gola ya riƙe ƙwallo ya wuce ƙa'ida, ta sami karɓuwa ƙwarai, har yara suna taya alƙali ƙirga da babbar murya idan ya ɗaga hannu.

Ana yawan cewa duk waɗannan sauye-sauye saboda masu kallon talabijin ake yin su, kuma kuɗin da ke ciki ya nuna hakan. Hukumar FIFA ta ce kimanin mutum biliyan 1.5 ne suka kalli wasan ƙarshe na 2022 tsakanin Ajantina da Faransa, gasar Firimiya kuma ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta a cikin Birtaniya kaɗai a kan fam biliyan 6.7 na shekara huɗu daga kakar 2025/26. Lokacin da aka yi yunƙurin kafa gasar Super League ta manyan ƙungiyoyin Turai a watan Afrilun 2021, shugaban Real Madrid Florentino Pérez ya kafa hujja da cewa matasa sun fara juya wa ƙwallo baya, har ya kawo shawarar a duba gajarta wasa. Da zai ga layin babura a ƙofar wannan gida ranar da Madrid ɗin take wasa, da ya san ba matasanmu yake nufi ba. A wurin kamfanin da ke nuna wasannin, dikoda ɗaya mai biyan kuɗin wata ɗaya ce, ko da ɗaki cike yake maƙil a gabanta. Ma'aunin da ya san da zamanmu shi ne littafin da mai gidan yake rubuta cinikin kowane wasa, kuma abin da ya shaida mini daga littafin ya yi daidai da abin da idona ya gani: babu wata doka da ta rage masa 'yan kallo. Abin da ke rage su shi ne aikin gona da damina, da ranar da kasuwar Gujungu take ci, da daren azumi, da kuma lokacin da aljihu ya bushe kafin kaka. Da an kai amfanin gona gida sai benci ya cika. Masu zagin VAR da babbar murya su ne kuma suke riga kowa kama wuri mako mai zuwa.

Sauyi ɗaya ne ya taɓa littafin nasa kai tsaye, shi ne sabon tsarin gasar Zakarun Turai da aka fara a kakar 2024/25, inda ƙungiyoyi suka ƙaru daga 32 zuwa 36, kowace ta buga wasa takwas da abokan hamayya daban-daban, jimillar wasanni ta tashi daga 125 zuwa 189. Manyan ƙungiyoyi suna haɗuwa tun daga watan Satumba, an kuma sami wasanni a Janairu, watan da a da ba a buga wannan gasa a cikinsa, wannan kuwa ciniki ne. Amma a daren ƙarshe na zagayen farko ana buga wasa 18 a lokaci guda, kuma talabijin uku ba za su gamsar da magoya bayan Arsenal da Madrid da Barcelona da Manchester City da Liverpool ba. Mai gidan yana bari a ɗaga hannu, masu rinjaye su zaɓa, wanda hakan adalci ne gwargwado, sai dai ya kamata ya rubuta wasannin da zai nuna a allo tun da rana, kada mutum ya taso daga ƙauye a kan babur cikin sanyin hunturu ya biya kuɗi sannan ya tarar ba za a nuna ƙungiyarsa ba.

Na yaba masa a kan salla. Akwai tabarmi da butoci a gefen ginin, kuma a watannin Satumba da Oktoba, lokacin da wasan ƙarfe 5:30 na yammacin Asabar yake kai hutunsa kusa da Magariba, yana rage sauti ya ce a fita a yi jam'i. Ba na jin daɗin yadda ake barin yara 'yan firamare su zauna wasan ƙarfe 9 na dare a ranakun makaranta, wasan da yanzu yake kai wa 11, kuma ina ganin mai karɓar kuɗi ya san iyayen kowannensu, zai iya mayar da su gida.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi da ƙofa. Fanka biyu ne kacal a ƙarƙashin kwano, tagogin ƙanana ne kuma a rufe suke don kada a yi leƙe daga waje, saboda haka a watannin Afrilu da Mayu, daidai lokacin da gasanni suke zuwa ƙarshe kuma ɗakin ya fi cika, numfashi yana wuya a bencin tsakiya. Ƙofa ɗaya ce ta shiga da fita, faɗinta bai wuce na mutum guda ba. Bayan wancan wasa da Afirka ta Kudu jaridu sun ruwaito cewa wasu 'yan Najeriya sun yanke jiki sun faɗi a wurin kallo sun rasu, kuma idan irin haka ta sami wani a bayan wannan ɗaki, fitar da shi ta cikin cunkoson zai ɗauki lokacin da ba a da shi. Wanda ya iya sayen batura zai iya fasa bangon yamma ya sa ƙofa ta biyu, ya ƙara fanka biyu da lasifika a baya, kuma na faɗa masa haka baki da baki, na roƙe shi ya yi kafin bazara ta shigo.